Faya-fayan Da Ba Su Tsufa

Duk gidan da aka taɓa ajiye garmaho ko rikoda a ƙasar nan, in aka bincika za a tarar da kaya iri biyu. Akwai tulin faya-fayai da kaset-kaset waɗanda aka saya da ɗoki, aka saurara mako biyu ko uku, sa'an nan aka jefa cikin kwali, ba wanda ya sake waiwayarsu. Akwai kuma guda uku ko huɗu waɗanda maigidan ba ya ba da aronsu ko ga aminin da suka tashi tare. In zaren ya tsinke ya liƙa, in kaset ɗin ya ɓace ya sake saye, da zamanin kaset ya shuɗe kuma ya bi ya sa aka zuba masa su a cikin wayar hannu. Shekara talatin ko arba'in ke nan yana jin abu guda, amma bai gundure shi ba. Tambayar da nake so mu duba a wannan fili ita ce, mene ne ya raba waɗannan 'yan kaɗan da sauran tulin da ke cikin kwali? Bayan haka kuma, me muke yi domin kada su salwanta a hannunmu?

Amsar da aka fi saurin bayarwa ita ce begen ƙuruciya. Ana cewa mutum ba waƙar yake so ba, kwanakin da ya fara jin ta yake tunawa: lokacin da yake makarantar horon malamai, ko ranar da ya karɓi albashinsa na farko ya sayi rediyo. Akwai ƙamshin gaskiya a wannan magana, amma ba ta isa ba. Da begen ƙuruciya ne kaɗai, da duk abin da mutum ya ji yana saurayi ya zauna masa daram, alhali kuwa mafi yawansa ya bi iska. Sa'an nan ga wata hujja da ta fi wannan ƙarfi. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, amma a yau za ka ga yaron da aka haifa bayan rasuwarsa yana tuƙa babur ko yana ɗinki a shago da muryar Shata a kunnensa. Ibrahim Narambaɗa kuwa ya riga mu gidan gaskiya tun kafin a haifi mafi yawan masu saurarensa na yanzu. Wane ƙuruciya waɗannan suke bege? Tilas ne mu yarda cewa akwai wani abu a cikin faifan kansa.

A ganina abin nan shi ne, faifan da ba ya tsufa yana ɗauke da kaya fiye da abin da kunne zai iya kwashewa a zama ɗaya. Mai sauraro yakan ɗebi gwargwadon hankalinsa da iliminsa na wannan lokaci, ya bar saura. In ya dawo bayan shekara biyar, ya ƙara sani, ya ƙara ganin duniya, sai ya tarar da abin da ya bari yana jiransa. Waƙar da ta zube duk kayanta tun ranar farko ba ta da dalilin da zai sa a komo mata.

Mu fara da Narambaɗa, makaɗin kotso na fadar Sarkin Gobir na Isa Amadu, domin a wurinsa wannan al'amari ya fi fitowa fili. Ɗalibin da ya tashi a Kano ko Zariya ko Bauchi, ranar da ya fara jin Narambaɗa da wuya ya kama rabin abin da ake faɗa. Sakkwatanci ne tsantsa, irin na da, cike da kalmomin fada da na dawaki da na yaƙi waɗanda suka fita daga bakin mutane. Abin da yake fara kama yaron shi ne daɗin karin da yadda muryoyi suke hawa da sauka. Bayan an jima kunnensa ya saba, ya fara rarrabe kalmomi. Bayan wasu shekaru ya gane cewa wancan dabbar da ake ta yi wa ba'a a tsakiyar waƙa ba dabba ba ce, wani ɗan sarki ne mai neman gadon sarauta ake yi wa zambo. Daga baya kuma, in Allah ya sa ya karanta tarihin Gobir da Zamfara, sunayen kakanni da garuruwa da yake ji kamar ƙawa ce kawai sai su zame masa labari mai kai da gindi. In kuwa ya yi aikin gwamnati ya ga yadda ake kushe mutum a bayan ido, a yi masa dariya a gaba, to habaicin da ke cikin waƙar zai shige shi ta wata ƙofa dabam. Sau biyar ke nan ya ji waƙa guda, kowane karo kuma sabuwa ce.

Akwai kuma aikin 'yan amshi, wanda mai sauraro na farko ba ya lura da shi sam. A kiɗan fada irin na Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru, 'yan amshi ba maimaita gindin waƙa kawai suke yi ba. Jagora yakan fara ɗan waƙa ya sake shi a tsakiya, su cafe su ƙarasa. Wani lokaci su yi masa ƙari, wani lokaci su raka shi har ƙarshe, sa'an nan a faɗa gindi tare kamar da bakin mutum ɗaya. Duk wannan kuwa suna yi ne hannuwansu na kan kotso. Wanda ya ga dama ya gwada wannan: ya ɗauki waƙar Ɗanƙwairo guda, ya saurare ta yau yana bin jagora kaɗai, gobe ya bi 'yan amshi kaɗai, jibi ya toshe kunnensa daga magana ya bi ganguna. Zai yi mamakin yadda abu uku ke tafiya a lokaci guda ba tare da ɗaya ya taka ɗaya ba. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi aiki mai yawa wajen bayyana waɗannan dabaru da ba su sunaye, kuma ɗaliban Hausa sun san littattafansa. Amma karatu dabam, ji dabam. Ɗalibi da yawa ya haddace sunayen dabarun don jarrabawa, bai taɓa zama ya ji su suna aiki ba.

Shata kuwa hanyarsa kishiyar wannan ce, kuma abin da ya sa nake ganin misalinsa ya fi ban mamaki ke nan. Amshinsa gajere ne, sau da yawa layi ɗaya tak, kuma 'yan amshi za su yi ta maimaita shi tun daga farko har ƙarshe ba canji. Bisa ƙa'ida irin wannan ya kamata ya fi kome saurin gundura. Me ya hana? Amshin nan turke ne. Da yake an kafa shi ba ya motsi, sai Shata ya sami sararin yin kiwo inda ya ga dama: ya yi yabo, ya juya ya yi wa wani gugar zana, ya ba da labarin wata tafiya, ya lissafa garuruwa, ya yi wa kansa kirari, ya komo. An san shi da ƙirƙirar waƙa nan take a gaban jama'a, shi ya sa in ka sami ɗauka biyu na waƙarsa guda, da wuya su zo daidai. Kunnen ɗan Adam yana son abu biyu a haɗe, abin da ya sani domin ya natsu, da abin da bai zata ba domin kada ya yi barci. Amshi ya ba shi na farko, bakin Shata ya ba shi na biyu.

Kada kuma a manta da kalangu. Hausa harshe ne mai karin sauti, watau hawa da saukar murya suna bambanta ma'anar kalma, kalangu kuwa ganga ce da ake matse tsirkiyoyinta a hammata a sassauta, sautinta ya hau ya sauka kamar na mai magana. Saboda haka makaɗan Shata ba raka shi kawai suke yi ba, zance suke yi a ƙarƙashin zancensa. Wanda ya iya jin take yana jin abin da suke cewa. Wanda bai iya ba yana iya koya, kuma ranar da ya fara ji, faifan da ya shekara ashirin a hannunsa ya zama sabo fil. Malamai sun daɗe da gane cewa akwai ilimi a nan. Tun 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiyana ta Amurka, a 1988 kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Shata digirin girmamawa.

Wannan dabara ta kafa turke a yi kiwo ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Ummu Kulsum ta Masar, wadda ta rasu a 1975, takan yi waƙa guda ta kai awa, tana maimaita layi ɗaya sau da yawa, kowane karo da wata irin lanƙwasa ta dabam, jama'a na roƙon ta sake. Shekaru da dama gidan rediyon Alƙahira yana watsa wasanta na daren Alhamis ta farkon wata, kuma har yau ana sauraren waɗannan ɗauke-ɗauke a ƙasashen Larabawa. Na kawo ta ne kurum domin a ga cewa maimaici ba shi ke kashe waƙa ba. Maimaicin da babu rai a cikinsa shi ke kashewa.

Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, shi ba shi da ganguna ba shi da 'yan amshi. Kuntigi ne kawai, ɗan gwangwani da aka rufe da fata aka ɗaura masa tsirkiya ɗaya. Duk da haka faya-fayansa suna cikin waɗanda ba a ba da aro. Nasa sirrin yana wajen mutanen da ya zaɓa ya yi magana a kansu. Waƙarsa ta Karen Mota ta ɗauki yaron da kowa ke gani a tasha ba wanda ya taɓa kallonsa, ta ajiye shi a tsakiyar fage. Ya yi magana a kan zaman aure, da auren dole, da gulma, da tsakanin mai shi da marar shi. Motocin katako na wancan zamani sun ƙare, amma yaron mota yana nan, ma'aurata suna nan suna saɓawa suna shiryawa, magulmaci bai yi ritaya ba. Saurayi yakan ji waƙar aure ya yi dariya. In ya shekara goma da iyali ya sake ji, dariyar takan ragu. Haka Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, da kiɗan ƙwaryarta na amada. Maza da yawa sun ɗauka wasan mata ne na cikin gida, sai da aka natsu aka ga cewa maganar sana'a da kishi da dogaro da kai da take yi wa mata ta riga ƙungiyoyin zamani da shekaru.

A nan wani zai ce, to ai yawancin waɗannan waƙoƙi roƙo ne. An yabi mai sarauta ko mai kuɗi domin ya ba da doki ko riga ko mota, me ya sa za a ɗora su a kan wani matsayi? Ban musa ba, roƙo ne, kuma makaɗan kansu ba su taɓa ɓoyewa ba. Amma a duba abin da lokaci ya yi. Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello ya rasu a 1966, waƙoƙin da Ɗanƙwairo ya yi masa suna nan. Sarkin Daura Muhammadu Bashar ya rasu a 2007, waƙar da Shata ya yi masa tana nan. Dawakin da aka bayar sun mutu, rigunan sun yage, motocin sun zama tarkace. Wanda yake saurare yau ba ya tsammanin ko anini daga kowa, kuma sau da yawa bai san wanda aka yi wa waƙar ba sai ta bakin mawaƙin. Ashe ladan roƙo ya ƙare tun tuni, abin da ya rage shi ne gwaninta. Attajirai nawa aka yi wa waƙa a shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya shigo? Ɗaruruwa. Guda nawa ake ji yanzu? Waɗanda mawaƙin ya zuba fasaha a cikinsu kaɗai, ko da kuwa wanda aka yi wa ba shi ya fi ba da kyauta ba.

Hukuma ma tana da darasi a nan. Gwamnatoci sun sha neman makaɗa su wayar da kan jama'a, kamar lokacin da aka koma tuƙi ta hannun dama a 1972, da lokacin da naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule a 1973. Waƙoƙin sun yi aikinsu, kuma aiki ne mai kyau, amma mafi yawansu sun kwanta tare da sanarwar da ta haife su. Wanda aka ba takarda aka ce ya rera abin da ke ciki ba zai wuce takardar ba.

Yanzu sai mu juya ga yadda aka ɗauki waɗannan muryoyi, domin yana da hannu a cikin maganar. Tsohon faifan garmaho mai juyi 78 a minti ba ya ɗaukar fiye da kamar minti uku a kowace fuska, saboda haka makaɗin da ya saba kwana yana waƙa sai a ce ya taƙaita. Babban faifai mai juyi 33, wanda kamfanin Columbia ya fito da shi a Amurka a 1948, ya ba da wajen minti ashirin a fuska, kamfanoni irin su EMI kuma suka buga wa makaɗanmu irinsa. Sa'an nan kaset, wanda kamfanin Philips ya ƙirƙiro a 1963, ya zo da minti talatin ko arba'in da biyar a kowane gefe, ga arha, ga shi yana aiki da batir a ƙauyen da babu lantarki. Shi ne ya kai Shata da Ɗan'anace da Haruna Uji kowace rumfar mai shayi daga Sakkwato har Maiduguri, daga Damagaram har zangon Kumasi. A duk waɗannan zamuna hanyar ɗauka ɗaya ce: a tara makaɗa gaba ɗaya a gaban makirfo, a ce bisimilla, su yi daga farko har ƙarshe. In mai kalangu ya ɗan yi gaggawa, jagora ya ja shi ya dawo, duk yana cikin faifan. In wani ya yi guɗa ko sanƙira ya tsoma baki, yana ciki. Abin da muke ji mutane ne suna sauraren juna suna amsa wa juna, kuma irin wannan ba ya ƙarewa a ji ɗaya.

Tun daga shekarun 1990, da finafinan Hausa suka bunƙasa a Kano, fiyano ya karɓe fagen. Mutum ɗaya a ɗaki yakan danna kiɗa, na'ura ta yi ta maimaita shi daidai wa daida har ƙarshen waƙa, a ɗauki murya dabam a ɗora, kwamfuta ta goge duk wata gargada. Sakamakon yana da tsabta, yana da saurin shiga kunne. Amma bugun da ka ji a minti na farko shi ne za ka ji a na biyar, ba ƙari ba ragi, don haka kunne yakan gama da shi da wuri. Ba ina cewa mawaƙan yanzu ba su da fasaha ba ne. Akwai masu zurfin Hausa a cikinsu, irin su Aminu Ala, kuma babu shakka wasu waƙoƙin wannan zamani za su rayu. Kada kuma mu yi wa kanmu ƙarya cewa zamanin da duk tsaba ne. Ƙaiƙayi ya fi yawa a lokacin ma, illa dai shekaru sun sheƙe shi, mu muka gaji abin da ya rage a faifai. Ana auna hatsin da aka riga aka sheƙe da wanda yake kan masussuka, wannan kuwa ba adalci ba ne. Abin da kawai zan ce wa matasan mawaƙa shi ne su tambayi kansu, me na bar wa wanda zai ji wannan waƙa karo na ɗari?

Akwai wani abu kuma da wayar hannu ta raba mu da shi ba mu ankara ba. Faifai ko kaset yana da fuska biyu, yana da farko da ƙarshe, kuma mutum yakan zauna ya ji shi a jere domin tsallake waƙa wahala ne. Ta haka waƙar da ba ta burge shi da fari ba takan sami damar shiga ransa a hankali, har wata rana ta zama ita ce ya fi so. Yawancin waƙoƙi masu nauyi haka suke shiga. Yanzu kuwa ɗan yatsa ya isa, daƙiƙa goma in ba ta kama ka ba ka wuce. Narambaɗa ba zai ci wannan jarrabawa ta daƙiƙa goma ba.

To, duk wannan bayani ba shi da amfani in abin da ake magana a kansa ya lalace, kuma nan ne nake so ma'aikatan gwamnati su ba ni hankalinsu. Zaren kaset da na manyan faya-fayan gidajen rediyo leda ce da aka shafa wa garin ƙarfe da wani irin danƙo. Danƙon nan yana shan laima, in ya daɗe sai ya yi kauri ya manne, garin ya riƙa zubewa a kan na'ura, muryar kuma ta tafi tare da shi. Zafi yana gaggauta wannan, ƙura tana ƙarasawa, mu kuwa Allah ya hore mana zafin bazara da laimar damina da ƙurar hunturu duka uku. Ko zaren ya tsira, injin da zai karanta shi ya zama abin nema, domin kamfanoni sun daina ƙera irinsa da kayan gyaransa, masu gyaran kuma suna tsufa. A 2019 hukumar UNESCO tare da ƙungiyar masu adana sauti ta duniya sun yi shelar gargaɗi a kan wannan, suka ambaci 2025 a matsayin lokacin da sauraren irin waɗannan zaruruwa zai fara gagara. Kada kuma a ɗauka sakaci halinmu ne mu kaɗai. Hatta BBC ta goge shirye-shiryenta na talabijin masu yawa a shekarun 1960 da 1970 domin ta sake amfani da zaren, daga baya ta koma tana cigiya a hannun jama'a.

Wani zai ce ai babu damuwa, duk waƙoƙin nan suna intanet, suna kuma wurin masu tura waƙa a kasuwa. Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowanne haɗari. Abin da ke yawo a wayoyi yawancinsa kwafe ne daga kwafe daga kwafe, kuma a zamanin kaset duk kwafi yana rage wani abu ya ƙara shuu. Wani an kwafe shi da rikoda mai raunin batir, sai ka ji muryar dattijo ta siranta ko ta yi nauyi fiye da yadda Allah ya yi ta. Wani an yanke kansa, wani an datse gindinsa don ya shiga gefen kaset. Sau da yawa ba sunan waƙa, ba shekara, ba wurin da aka ɗauka, wani lokaci ma a liƙa wa waƙar wani sunan wani. Abubuwan nan da na ce su ke hana faifai tsufa, watau zancen kalangu a ƙarƙashin murya, da rarrabewar bakin 'yan amshi, da ƙananan kalmomin da ma'anar habaici ta rataya a kansu, su ne farkon abin da mummunan kwafi yake haɗiyewa. Ana iya wayar gari da sunan Narambaɗa a kowace waya, alhali Narambaɗan da ya cancanci a saurara sau ɗari ya tafi.

Asalin ɗaukar yana ina? Gidan rediyon Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962 kuma ya shiga ƙarƙashin Rediyon Tarayya a 1978, ya ɗauki makaɗan Arewa masu yawan gaske. Haka gidajen rediyon jihohi irin na Kano da na Sakkwato, da gidan rediyon ƙasar Nijar a Yamai, da sassan nazarin harsuna na jami'o'inmu. Masu bincike na ƙetare ma sun yi nasu, kamar David Ames, wanda shi da Anthony King suka wallafa littafin kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Akwai kuma abin da ke hannun iyalan makaɗa da na sarakuna da tsofaffin masu shagon kaset. Abin da ake bukata ba gagarumin gini ba ne da za a yi bikin aza harsashinsa a manta. Aiki ne na ofis irin wanda ma'aikaci ya sani: a ƙidaya abin da ke akwai, a ba kowanne lamba, a fara da wanda ya fi kusa da lalacewa, a juye shi cikin kwamfuta da inji mai kyau ba tare da matse sautin ba, a ajiye kwafi a wurare biyu ko uku dabam-dabam, a kuma riƙe zaren asali a ɗaki mai sanyi. Ma'aikatun watsa labarai da na al'adu na jihohin Arewa, in suka haɗa kai, kuɗin da wannan zai ci bai kai na bikin rana ɗaya ba. Sai dai a yi shi da sanin magada, a kuma tabbatar haƙƙinsu yana isa gare su, domin an daɗe ana cin guminsu ba ko na gode. Kowace shekara ranar 27 ga Oktoba ita ce ranar da UNESCO ta keɓe don tunawa da adana sauti da hotuna. Zai yi kyau a ce a irin wannan rana wani babban sakatare ya tashi ya faɗi adadin zaruruwan da ma'aikatarsa ta ceto, maimakon jawabin da aka saba.

Ɗalibai kuma akwai rabonsu, kuma nasu ya fi gaggawa. Na'ura tana iya ceton sauti, amma ba ta san wanda ake yi wa zambo a ɗa na uku ba, ba ta san sunan mai kotson da ke hagu ba, ba ta san dalilin da ya sa aka yi waƙar ba. Wannan sani yana kan tsofaffi: 'yan amshin da suka rage, da 'ya'yan makaɗa, da fadawan da suka ga abin da idonsu, a Isa da Maradun da Faru da Musawa da Funtuwa. Duk shekara ana rubuta kundaye a sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilimi, da yawansu kuma maimaita juna suke yi a kan jigo da salo. Da kowane ɗalibi zai ɗauki waƙa guda tak, ya nemi ɗauka mafi tsabta, ya rubuta ta kalma bayan kalma da karin harshen mai ita ba tare da mayar da ita Kananci ba, sa'an nan ya hau mota ya je garin ya zauna gaban dattijo ya tambayi ma'anar kowane suna da kowace kalma, ya rubuta ranar da sunan wanda ya gaya masa, da cikin shekara goma an tara abin da babu kamarsa. Malaman da ke duba kundayen su ne za su iya sa wannan ya zama sharaɗi tun daga zangon karatu mai zuwa.